Yadda za ka sa kindirmo ya kama a sanyin Jos, da yadda ake tsima kabeji ya yi watanni bai lalace ba

Duk shekara da zarar hunturu ya shigo Jos, daga ƙarshen Nuwamba har Janairu, ƙorafin masu haɗa kindirmo da yogot a gida ɗaya ne: an haɗa da daddare, an tashi da safe an tarar da madara tsululu yadda aka barta, ko ta kama amma tana yauƙi, ko kuma tana wani bashi-bashi da ba a gane kansa ba. Sai kaji ana cewa ai madarar garin ce ba ta da kyau, wata kuma ta ce ita dai hannunta ne ba ya karɓar nono. Ba hannu ba ne jama'a. Abin da ke faruwa cikin robar nan shi ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya da yis, suna kokawar wa zai mamaye wurin, kuma kai da ka haɗa kai ne ka zaɓi wanda zai ci nasara ko ka sani ko ba ka sani ba, ta hanyar ɗumin da ka ba su, da gishiri ko rashinsa, da iska, da kuma wanda ka bari ya riga shiga. Idan ka gane wannan toh ka gane kindirmo, ka gane gasara, ka gane daddawa, har da tsimin kabejin da zan yi bayani a ƙasa wanda ni a ganina asara ce babba da mu mutanen Filato ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba.

Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Baas Becking ya rubuta a 1934 cewa komai yana ko'ina, muhalli ne ke zaɓe. Masana na yanzu suna ta gardama a kan rabin farko na maganar, don an gano ba kowace ƙwaya ce ke kaiwa kowane wuri ba, amma rabi na biyun kam a kicin gaskiya ne tsagwaronta. Madarar da aka tatso yanzu akwai ƙwayoyi kala-kala a cikinta, daga hantsar saniya, daga hannun mai tatsa, daga ƙwarya, daga ƙura. Dukkansu suna son sukarin da ke cikin madarar. Wadda yanayin ya fi yi wa daɗi ita ke saurin ninkuwa, kuma ninkuwar ba ta wasa ba ce: ƙwaya ɗaya da ke rabuwa biyu duk bayan minti 30, cikin awa 10 ta haura miliyan ɗaya, lissafa da kalkuleta ka gani. Kenan ɗan fifikon da wata ta samu a awa biyun farko shi ke yanke hukuncin abin da za ka tarar da safe.

Kindirmo

Fara da dafa madarar, wannan ba zaɓi ba ne. Ko ta shanu ce ka saya wajen 'yan Fulani ko ta gari ce ka dama, ɗora ta a wuta har ta kusa tafasa, wajen digiri 85 zuwa 90, ka rage wuta ka barta a haka kamar minti 10 zuwa 15 kana juyawa kada ta kama ƙasan tukunya. Idan ta gari ce giram 150 a lita ɗaya na ruwa yana ba da kauri mai kyau. A nan Jos saboda muna kan tudu, sama da mita 1,200, ruwa yana tafasa ne wajen digiri 96 ba 100 ba, toh kada ka ga ta fara kumfa da wuri ka yi saurin saukewa, bar ta ta ɗan jima. Dafawar tana yin aiki biyu. Tana kashe mafi yawan ƙwayoyin da suka zo da madarar, har da masu haɗari irin na tarin fuka na shanu da na cutar nan mai sa shanu ɓari wadda ke kama mutum ta hanyar ɗanyar madara, cututtukan da likitocin dabbobi na cibiyar bincike ta Vom, wadda take nan tun 1924, suka daɗe suna gargaɗi a kansu. Sannan zafin yana canza furotin ɗin madarar yadda idan ta kama za ta yi kauri ta riƙe ruwanta, shi ya sa wanda bai dafa da kyau ba zai ga ruwa ya kwanta a sama.

Bayan an dafa, madarar ta zama gidan haya da aka kori kowa aka share, ɗakuna duk a buɗe, wanda ya riga shigowa da iyalinsa shi ke cika gidan, mai zuwa daga baya sai dai ya leƙa ya wuce. Shi ya sa ake zuba iri, wato tsohon kindirmo ko yogot mai rai, wanda kowane giram ɗinsa yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin da muke so. Cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya ya isa. Mutane suna ganin idan sun zuba rabin kofi zai fi saurin kamawa, eh zai yi sauri amma zai fito da gudaji-gudaji da tsami mai kaifi, ba na ba da shawara.

Kada ka zuba irin madarar tana da zafi, za ka dafa su ne kawai. Jira ta huce zuwa digiri 43 zuwa 45. Wanda ba shi da tamomita ya ɗiga kaɗan a bayan hannu, ya ji ɗumi sosai amma ba ta ƙona shi ba. Ka ɗebi ludayi ɗaya na madarar ka dama irin a ciki ya saki tukuna, sannan ka juye cikin sauran, ka gauraya sau ɗaya da cokalin da aka zuba wa tafasasshen ruwa, ka rufe.

Yanzu ga inda matsalar Jos take, kuma a nan ne nake so a tsaya a fahimta. Irin kala biyu ne a hannun mutane kuma ba halinsu ɗaya ba. Yogot na kamfani ƙwayoyi biyu ne ke aikinsa, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, ta biyun wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya mai suna Stamen Grigorov ne ya gano ta a 1905. Waɗannan biyun 'yan zafi ne, suna son digiri 40 zuwa 45, kuma aikin haɗin gwiwa suke yi: ta farkon ita ke fara tashi, ta cinye ɗan iskar da ke cikin madarar ta fara sakin tsami da wasu sinadarai da ta biyun ke buƙata, ita kuma ta biyun tana farfasa furotin ta samar wa ta farkon abinci, daga baya idan tsami ya yi yawa ta farkon ta ja baya ta biyun ta ƙarasa aikin, ita ce ma ke ba da ƙamshin nan na yogot. Madara tana farawa ne a wajen 6.6 a ma'aunin tsami da ake kira pH, idan tsami ya sauko da ita zuwa 4.6 sai furotin ɗin ya dunƙule, shi ne abin da muke cewa ya kama. A ɗumin da ya dace awa 4 zuwa 8 ne. Amma ka ajiye roba a kan tebur a Rikkos ko Bukuru cikin daren Disamba, lokacin da sanyi ke saukowa ƙasa da digiri 15, kafin awa biyu madarar ta yi sanyi ƙalau, 'yan zafin nan sun kwanta ba sa ninkuwa, su kuma 'yan tsirarun da suka tsira daga dafuwa ko suka faɗo daga murfi da cokali, waɗanda sanyi bai dame su ba, su ne za su ci kasuwarsu. Yauƙin nan da warin nan nasu ne.

Iri na biyu shi ne na kindirmon ƙwarya da Inna ke kawowa daga ruga. Shi ba ƙwaya biyu ba ce, taro ne guda, akwai irin su Lactococcus da Leuconostoc da wasu Lactobacillus da yis, kuma an daɗe ana juya su daga ƙwarya zuwa ƙwarya a yanayin gari ba tare da wani ɗumamawa na musamman ba, duk wadda ba ta iya jure hakan ba ta daɗe da ɓacewa daga cikin taron. Waɗannan suna aiki a digiri 20 zuwa 30, a hankali, awa 12 zuwa 24, kuma ɗanɗanonsu ya fi zurfi. Ita kanta ƙwaryar tana da ƙananan ramuka da ƙwayoyin ke maƙalewa a ciki ko an wanke, shi ya sa nonon da kowace mace ke sayarwa da ɗanɗanonsa, masu saye sun san haka, za ka ga mutum ya wuce mata biyar a kasuwar Terminus ya je wajen tasa. Toh dokar ita ce ka daidaita iri da ɗumi. Idan na kamfani ka ɗauka dole ka riƙe masa zafi: zuba cikin filas ɗin abinci da ka ɗauraye da ruwan zafi, ko ka sa robar cikin kula ka jera gorunan ruwan ɗumi biyu a gefe ka rufe ka lulluɓa da bargo, kada ka buɗe kana leƙawa, kada ka girgiza. Idan na ruga ne ka barshi ya huce zuwa ɗumin jiki ko ƙasa da haka kafin ka zuba iri, ka naɗe da zani ka ajiye a lungun da iska ba ta bugawa, ka ba shi lokaci. Mutanen Abuja su tasu matsalar akasin wannan ce, a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 35 abin yana kamawa da wuri ya zarce, wanda ya bari har safe zai tarar ya yi tsami ya tsinke, su sai dai su riƙa dubawa tun awa 4.

Abu biyu da ke hana kamawa ko ka yi komai daidai. Na farko irin ya mutu: duk yogot ɗin da ake jerawa a kantar shago ba firji yana watanni an sake dafa shi bayan ya kama, babu mai rai a ciki, ba zai yi iri ba, nemi na cikin firji mara sukari mai yawa wanda bai kusa ƙarewar wa'adi ba. Na biyu kuma wanda mutane ba su cika tunawa ba shi ne allura. Idan an yi wa saniya allurar antibayotik irin su fenisilin ko oksitetrasaikilin, maganin yana fita ta cikin madara na wasu kwanaki, dafawa ba ta kawar da shi duka, kuma shi aikinsa kashe bakteriya ne, bai san na kirki da na banza ba. Madarar za ta kwana ta wuni ba ta motsa ba. Ba laifi ba ne ka tambaya cikin ladabi, Inna ko an yi wa shanun allura kwanan nan? Yawanci za ta gaya maka gaskiya don ita ma ta san irin wannan madarar ba ta kama mata.

Da ya kama sai firji, ko in ba wuta a sa robar cikin ruwan sanyi na randa, don sanyin ne ke taka musu birki. Ka fara ɗibar irin gobe da cokali mai tsabta kafin kowa ya sa ludayi. Ka sani fa duk juyin da ka yi taron yana ɗan canzawa, masu jure tsami suna ƙaruwa, yis yana samun wurin zama, wani lokacin ma wasu ƙwayoyin bairos da ke kama bakteriya kaɗai su afka wa irin su karya shi dare ɗaya. Na kamfani in ka juya shi 'yan lokuta ka ji ya fara kaifi ko kumfa, sake sabo kawai. Na ruga ya fi juriya, saboda yawan kalolin da ke ciki, in wata ta faɗi wata na nan.

Gasara da ƙullun waina ba sai na daɗe a kansu ba, iyayenmu sun riga sun iya. Ranar farko da aka jiƙa gero ko masara ruwan cike yake da tarkacen ƙwayoyi har da fumfuna, shi ya sa yake wannan warin, amma da masu tsami irin su Lactobacillus plantarum da fermentum suka tashi sai pH ya faɗi ƙasa da 4 sauran su ɓace, yis ne kawai ke iya zama da su. Mai zuba ɗan tsohon ruwan tsami cikin sabon jiƙo tana gajarta wannan ranar farkon ce, kuma a sanyin Jos dabara ce mai kyau. Kunun zaƙin da aka sa wa sukari aka bari ya kwana biyu a zafi kuwa yis ne ke karɓe ragama, gora ta kumbura, ɗanɗano ya fara komawa wani abu daban da ba shi aka yi niyya ba, a kiyaye.

Tsimin kabeji

Wannan shi ne wanda nake so mutane su gwada. Lokacin da kabeji ya yi yawa ka shiga kasuwar Farin Gada ka ga yadda yake zube, farashi ya faɗi, na ƙasan buhu yana ruɓewa, alhali Jamusawa da mutanen gabashin Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna adana shi da gishiri kawai, Koriya ma nasu kimchi ɗin ɗan uwansa ne, har matuƙin jirgin ruwan nan na Ingila James Cook ya loda ganguna nasa a tafiyarsa ta 1768 don kare ma'aikatansa daga ciwon rashin bitamin C. Abin da zai ba ka mamaki shi ne zafin da ya fi dacewa da shi wajen digiri 18 zuwa 22 ne, wato yanayin ɗakin Jos a mafi yawan shekara. Abin da ke ba mu wahala a kindirmo shi ne ribarmu a nan.

A nan ba a dafawa kuma ba a zuba iri. Ƙwayoyin da muke so suna kan ganyen tun daga gona, sai dai 'yan kaɗan ne ƙwarai, ba su kai kashi 1 cikin 100 na abin da ke kan ganyen ba, sauran duk masu ruɓar da shi ne. Aikinka shi ne ka canza yanayin yadda 'yan tsirarun za su rinjayi masu yawa, da gishiri da kuma toshe iska.

Samo kabeji mai nauyi mai ƙarfi, cire ganyen waje da suka yi datti, ka ajiye guda ɗaya mai kyau a gefe. Yanka shi siriri kamar na salak, ka auna a sikeli. Kowane kilo ɗaya gishiri giram 20, wato kashi 2 cikin 100. Dan Allah a auna, kada a yi da ka. In ba sikelin kicin, cokalin cin abinci ɗaya a shafe na gishiri mai laushi yana kai giram 17 zuwa 18, sai ka ɗan ƙara kaɗan. Gishirinmu na leda mai ayodin yana yi. Idan gishiri ya yi kaɗan kabejin zai yi laushi ya lalace, idan ya yi yawa masu tsamin za su yi nauyin tashi, wani yis mai son gishiri ya shigo ya mai da shi ruwan hoda. Barbaɗa gishirin ka cuɗa da hannu mai tsabta da ƙarfi, minti 10 ko fiye, da farko za ka ji yana ƙara ƙaras-ƙaras a hannunka kamar ba abin da zai faru, can sai ka ga ya saki ya yi laushi, tulin ya koma rabi, in ka damƙa ka matse ruwa yana zuba ta tsakanin yatsunka. Wannan ruwan shi ne komai, kada ka zubar, kada ka ƙara na famfo.

Dura shi cikin kwalba mai faɗin baki ko bokitin roba na abinci, ba na ƙarfe ba don tsami yana cin ƙarfe, kana zubawa kana dannawa da dunƙulen hannu ko muciya har ruwan ya taso ya rufe shi. Shimfiɗa ganyen da ka ajiye a sama, ka ɗora abu mai nauyi, ƙaramar kwalba cike da ruwa ko leda mai kauri da aka cika da ruwan gishiri aka ɗaure. Bar sarari kamar yatsa uku a sama, ka rufe amma kada ka ɗaure murfin tamau, ka ɗora kwalbar a kan faranti don za ta yi ambaliya, ka ajiye inda rana ba ta kaiwa. Duk abin da ke ƙarƙashin ruwa lafiya yake, duk abin da ya leƙo sama rabon fumfuna ne.

Daga nan sai ka zuba ido ka ga yadda mulki ke canza hannu cikin kwalba ɗaya. Kwana biyu zuwa uku na farko za ka ga ƙananan kumfa suna hawowa ta jikin gilashi, ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, in ka buɗe ka ji wari-wari na kabeji, kada ka tsorata. Leuconostoc mesenteroides ce ke aiki, ita ke jure gishiri ta kuma fi saurin tashi a sanyi, tana fitar da tsami kala biyu da iskar kabon, iskar ita ke tura ragowar oksijin waje, masu ruɓarwa da ke buƙatarsa su shaƙe. Amma ita kanta ba ta jure tsami mai yawa, kafin mako guda tsamin da ta haɗa da kanta ya fi ƙarfinta ta mutu. Sai Lactobacillus brevis da plantarum, waɗanda tun farko suna nan a laɓe ba sa iya gogayya da ita, su karɓa, kumfa ta lafa, kalar kabejin ta koma ruwan ɗorawa-ɗorawa, su ci gaba da cinye ragowar sukari har pH ya kai wajen 3.5. Ƙwayar nan mai mugun guba ta abincin gwangwani, Clostridium botulinum, ba ta iya girma ƙasa da 4.6, ka ga an wuce ta da nisa. Kowane rukuni shi ke gyara wa na bayansa wuri kuma shi ke kashe kansa da kansa, ni wannan ɓangaren ne ya fi burge ni a harkar gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa na ce Jos ta fi dacewa shi ne ƙamshi da ɗanɗanon kirki daga zangon farko suke zuwa, zangon Leuconostoc. A wuri mai zafi sama da digiri 30 ana tsallake shi ne, plantarum ta yi wuf ta karɓe tun rana ta biyu, abin ya fito da tsami zalla ba armashi kuma ya yi laɓo-laɓo. Wanda ke Abuja ya jira hunturu ko tsakiyar damina, ko ya sa kwalbar cikin kwano mai ruwa a ɗaki mafi sanyi, ya kuma fara ɗanɗanawa tun kwana 5. A Jos fara ɗanɗanawa bayan kwana 10, cikakkensa mako 3 zuwa 4. Farar yana siririya da ke kwanciya a saman ruwa yis ne, kwashe shi ka ci gaba. Amma fumfuna mai gashi, kore ko baƙi ko ja, ko yauƙi da wari irin na ruɓa, zubar kawai kada ka yi jayayya, kabeji ba tsada ne da shi ba. Idan ya yi yadda kake so ka danna shi ƙarƙashin ruwansa ka sa a firji ko wuri mai sanyi, yana watanni. Ana cinsa a gefen shinkafa da wake, ko a kan soyayyen dankalin turawa, da tsire kuwa ba a magana, sai dai mai hawan jini ya tuna da gishirin ya ci kaɗan.

Daddawa ita ta bi ta baya

Duk abin da na faɗa a sama tsami ne ke mulki, a daddawa kuwa ba a son tsami ko kaɗan, kuma dabarar zaɓen daban ce. Kalwa ana dafa ta ne awa 12 ko fiye har ta yi laushi, a surfa a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, da yawa suna jefa 'yar kanwa. Wannan doguwar dafuwa ba abin da ke tsira daga ita sai masu iya shiga wani ƙoƙo mai tauri su yi likimo har wuta ta wuce, wato dangin Bacillus, musamman Bacillus subtilis, ita ce dai ƙwayar da Japanawa ke yin natto da ita daga waken soya. Kenan tukunyar ce ta yi zaɓen tun kafin a fara. Ita kuma tana son iska da ɗumi da laima, shi ya sa ake tsane kalwar a baza ta da zafinta cikin kwando ko ƙwarya ba da kauri sosai ba, kamar tsawon yatsa, a rufe da ganye ko buhu mai numfashi a lulluɓe, ba a danna ta cikin ruwa ko a ɗaure a leda ba. In ka toshe mata iska ko ka bari ta huce kafin ka rufe, ko ka tara ta da yawa tsakiyar ta rasa iska, masu tsami ne za su shigo ta fito da tsami ba yauƙin kirki.

Cikin kwana 2 zuwa 3 tulin da kansa yake ɗaukar zafi, in ka sa hannu ƙarƙashin buhun za ka ji, Bacillus tana farfasa furotin ɗin kalwar tana sakin abin da ke ba miya daɗi tare da amoniya, warin da ke hawa hanci kenan, pH yana hawa sama har ya wuce 8 maimakon ya sauka, wannan hawan shi ke korar sauran ƙwayoyi. A hunturun Jos ƙara buhu ɗaya ko biyu a kai ka ajiye kusa da murhu, ka ƙara mata kwana in ba ta yi duhu da danƙo ba. Kada a sa gishiri da farko, yana rage mata gudu. Sai ta nuna sannan a sa gishirin in ana so, a kirɓa, a mulmula ko a faɗaɗa, a shanya a rana ta bushe sosai, don in da sauran laima a ciki aikin ba ya tsayawa, amoniyar za ta yi ta ƙaruwa har ta ɓata miya. Haka ake yi da waken soya da kuma 'ya'yan yakuwa na daddawar batso, sai dai waken soya ba ya buƙatar doguwar dafuwa irin ta kalwa, awa 3 zuwa 4 bayan an jiƙa an cire ɓawo ya wadatar.